Wutar Rana a Ƙauyukan Hanyar Shanu: Ina Ya Kamata Mu Sa Kuɗinmu?

Maganar sola ta yi yawa a bakin jama'a daga nan Nyohini har karar Gushegu, ga kuma masu talla suna bin mu har gida, shi ya sa na ga ya dace mu fayyace ta tun kafin a fara karɓar gudummawa.

Tun 1989 gwamnatin Gana ta ɗauki alkawarin kai lantarki ko'ina cikin ƙasa kafin 2020. An yi ƙoƙari, ba laifi. To amma shirin taimakon kai da kai na SHEP sharaɗi gare shi: sai garin da bai wuce kilomita 20 daga babban layi ba, kuma mutanen gari su sayi turaku. Ina makiyayin da ke can cikin daji zai cika wannan?

Ita sola ba ta jiran turaku. Faranti ne ake kafawa, ya sha rana ya ba da wuta, batir ya ajiye ta don dare. Kuma ba baƙuwa ba ce a arewa. A 1999 aka soma shirin RESPRO a yankin Mamprusi ta Gabas da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, watau a sa maka kayan a gida, kana biya wata-wata. Waccan tashar ta Navrongo kuwa da VRA ta buɗe a 2013, cikin babban layi take zuba wutarta, ba ta ƙauyen da ba waya ba ce.

Ga inda gizo ke saƙa. Faranti yakan haura shekara 20 yana aiki, in dai ana share masa ƙurar hunturu. Batir ne ke mutuwa. Irin na ruwa da muka saba da shi, zafin arewa kan gama da shi cikin 'yan shekaru kaɗan, daga nan sai duhu ya dawo, faranti na bisa rufi kamar ado. Saboda haka duk wanda ya kawo muku talla, ku tambaye shi wa zai sake batir, kuma nawa ne.

A ganina, mu masu shanu, famfon rijiyar burtsatse ya fi mana komai, domin shi ba ruwansa da batir. Rana na fitowa yana tura ruwa cikin tanki, tankin ne ajiyarsa. Sa guda yakan sha lita 30 zuwa 40 a yini da bazara, kowa kuma ya san yadda dabbar da ta kwana da ƙishirwa daga Paga ke faɗuwa a ido kafin ta isa Tulaku. Ga rigimar mashaya da manoma, wadda ta fi kowace asara.

Firjin ajiye allurar ciwon huhu da wurin cajin waya su biyo baya. Amma kafin a haƙa ko ƙafa ɗaya, a zauna da sarkin gari a rubuta mai filin, mai gadin faranti, da abin da za a karɓa kan kowane sa don gyara.