Daga Wuri Zuwa Dodon Koɗi: Abin da Ke Ɓoye a Bakin Kogin Wudil

Duk wanda ya taɓa cewa "wuri na gugar wuri" ya ambaci wata dabbar teku, ko bai sani ba. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ƙwanson wata ƙaramar halitta ce da ake tsamowa a Tekun Indiya, musamman tsibiran Maldibs. Tarihin Kano ya nuna ya shigo ƙasar Hausa ne a zamanin Sarki Sharefa, wajen 1703 zuwa 1731. Masana sun sa wuri da dodon koɗi a gida ɗaya, na masu ƙwanso guda. Ƙumba kuwa, mai marufi biyu, tana wani gidan daban. Ɗan teku ya kawo mana kuɗi. Ɗan uwansa na kogi da kududdufi shi ke kawo mana tsargiya.

Waɗanda ake magana a kansu ƙanana ne, ba su fi farcen yatsa ba, suna manne a ƙarƙashin ganyen bado da jikin kachala inda ruwa ya kwanta. Iri biyu ne. Na farko, Bulinus, idan ka riƙe shi tsininsa sama, bakinsa na hagu. Shi ke ɗauke da tsargiyar mafitsara mai sa fitsarin jini. Na biyu, Biomphalaria, shimfiɗaɗɗe ne a naɗe kamar gammo, shi ke ɗauke da ta hanji da hanta.

Dodon koɗin ba ya cizo, masauki kawai yake ba tsutsar da ke jawo cutar. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su nemi dodon koɗi su shige. Bayan makonni huɗu zuwa shida sai dubban 'ya'yan tsutsa su riƙa fitowa, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke tsunduma ruwa saboda zafi. Ta fata suke shiga, ko ba ciwo a jiki. Su girma a jijiyoyin jini, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma a yau Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu fama da ita.

Wudil gari ne na ruwa. Masunta, masu haƙar yashi, 'yan kwale-kwale, masu wanki, 'yan lambu da makiyayan da ke shayar da shanu ranar kasuwar Juma'a, kowa da abin da ke kai shi kogi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake janyewa da rani ya zama yana nan kusan duk shekara, ga magudanan noman rani a Kura, Bunkure da Garun Malam. Alheri ne ga manomi, kuma daɗi ne ga dodon koɗi. Ko kududdufi ya ƙafe, Bulinus kan nutse cikin laka ya jira damina.

Har yanzu akwai masu cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji, wasu su ɗora wa zafin rana. Wannan kuskure ne mai tsada. Jinin daga raunin da ƙwai ke yi wa mafitsara yake fitowa. Idan aka bari, yaro ya rame, jini ya yi masa ƙaranci, karatu ya gagara. In ya daɗe, ƙoda na iya lalacewa, har sankarar mafitsara. Mata ma na kamuwa, sai dai kunya kan sa su ɓoye, alhali tana jawo ciwon mara, zubar jini da matsalar haihuwa. Soyayyen kifin Wudil kuwa ba ruwansa, ba a ɗaukar tsargiya ta cinsa.

Maganinta praziquantel ne, ana auna shi da tsawon yaro ko nauyinsa. Idan an zo rabo a makaranta ko tsangaya, iyaye da alarammomi su bari a ba yara, bayan sun ci abinci. Wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti a gwada. Amma maganin ba ya hana sake kamuwa, don haka:

Kada a yi fitsari ko bayan gida a kogi, rafi ko magudanar ruwa. Ruwan kogi na wanka a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana biyu, tsutsar za ta mutu. Masu aiki cikin ruwa su sa takalmin roba mai tsawo. A yi gayya a nome ciyawar bakin mashaya da wurin wanki.

Dodon koɗi ba ya haifar da tsutsar da kansa, sai mutum ya kai masa. Masai ɗaya a kusa da mashigi na iya kare yaran unguwa guda.