Kasuwannin Tibiri: haraji, iyaka da amana a idon masu binciken tattalin arziki

Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun wake daga Gesheme ko Dumega ya nufi Kore Mai Ruwa da shi, ya san cewa ribar fatauci ba a bakin mudu kaɗai ake ƙirga ta ba. Akwai kuɗin kasuwa, akwai patanti, akwai duwan ga mai tsallakawa jihar Kabi, sannan ga bashin da ake bayarwa bisa yarda. Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Dogon Dutsi, amma tambayar fatake da ma'aikata ba ta sake ba: wa zai biya, nawa zai biya, kuma mi za a yi da kuɗin?

Mu fara da iyaka. Malama Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka, tare da abokan aikinta, ta auna farashin hatsi da wake a kasuwannin Nijar da na arewacin Najeriya, aka buga sakamakon a 2014. Sun gano cewa iyakar ƙasa tana ƙara tazarar farashi, amma tazarar tana raguwa idan mutanen gefe biyu ƴan yare ɗaya ne. Abin mamaki kuwa, a cikin Nijar kanta akwai wata iyaka wadda ba ta da shinge ko ɗan duwan, wato tsakanin kasuwannin Hausawa da na Zabarmawa. Dalili shi ne cinikin hatsi bashi ke tafiyar da shi, bashi kuwa sai da amana. Wannan darasi ya shafi Arewa ƙwarai, tun da ta gabas tana kallon Kabi, ta yamma kuma Zabarma. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin CEDEAO na 2023, sun nuna wa kowa yadda hukuncin da aka yanke can nesa yake taɓa tukunyar talaka.

Sai maganar haraji. Jama'a ba su manta da watan Maris na 2005 ba, bayan da gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 kan kayan masarufi. Garuruwa suka rufe shaguna, har ta kai gwamnati ta janye mafi yawan matakan. Ashe ba nauyin haraji kaɗai ke tayar da hankali ba, har da yadda aka aza shi. A birnin Kananga na ƙasar Kwango an yi wani gwaji a 2018: wasu unguwanni ma'aikatan hukuma suka karɓi harajin gidaje, wasu kuma masu unguwanni. Inda masu unguwanni suka karɓa, kuɗin shiga ya ƙaru da kashi 44 cikin 100, domin sun san wanda ke da halin biya. Sai dai binciken bai ɓoye cewa cin hanci ya ɗan ƙaru a hannunsu ba. A ƙasar Samna, inda tun zamanin lampo masu gari ke tara kuɗin jama'a, darasin a fili yake: a yi aiki da sanin sarakai, amma kowane dala ta fita da takarda.

Na ukku shi ne haɗin gwiwa. Hukumar UNCC, wadda aka kafa a 1962, daga sama ta tsara ƙungiyoyin manoma, shi ya sa da yawa suka ɗauke su kayan gwamnati, bashinsu kuma bashin da ba shi da mai shi. Sai a 1996 doka ta ba manoma cikakken ƴancin kafa nasu. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa ƙungiya tana ɗorewa ne idan membobi da kansu suka shimfiɗa doka, suna sa ido kan juna, kuma horon mai laifi yana hawa daki-daki. Tsarin jinginar da amfanin gona, wanda ya bazu a Nijar tun daga 1999 da taimakon FAO, misali ne mai kyau. Manoma su zuba hatsi a mangaza lokacin kaka, su karɓi rance, su sayar in farashi ya tashi. Ƙofar tana da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da rance, don haka babu mai buɗewa shi kaɗai.

Ga ma'aikacin da ke riƙe da littafin tikiti, abin nema shi ne a liƙa farashin kowane haraji a bakin kasuwa, a kuma bayyana wa jama'a abin da aka tara da inda ya shiga, ko rumfa ce ko rijiya. Ga ɗan kasuwa kuma, ya daina sayen sauƙi da na goro, ya nemi takardarsa, ya shiga ƙungiyar da ke da littafi da ranar taro. Wanda ya biya da shaida a hannu shi ke da bakin tambaya. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba.