Mai Gidan Haya da Wakilinsa

Wanda ya fara ba da gida haya a Gaya ko Ajingi, in yana zaune a garin, ba ya bukatar wakili. Amma wanda fatauci ya riƙe a Kano, lalle ya naɗa wani, gama soron ƙasa ba ya jiran mai shi in damina ta faɗi.

Abin lura kuwa, a mazhabar Malikiyya wakili amintacce ne. In ya ce kuɗin haya sun salwanta ba da sakacinsa ba, alƙali zai karɓi maganarsa da rantsuwa. Saboda haka malamin hakimi ya rubuta musu ladan wakili, da iyakar abin da zai kashe wajen yaɓe, da ranar kawo lissafi, a gaban shaidu biyu.