Kaliyofi, Uwar Mawaƙan Tsohuwar Girka

A tatsuniyoyin mutanen tsohuwar Girka, baiwar waƙa kyauta ce daga wasu alloli mata tara, 'ya'yan Zus, sarkin alloli, da Nemosini, allahiyar tuna baya. Su ke sa wa mawaƙi baiti a baki. Babbarsu ita ce Kaliyofi, mai kula da dogayen waƙoƙin yaƙi da jarumta.

Hesiyod, mawaƙin da ya rayu wajajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya jero sunayensu kaf. Ya ce yana cikin kiwon tumaki a gindin Dutsen Helikon suka tarar da shi, suka miƙa masa sanda, suka hura masa murya. Masu sassaƙa kuwa sukan nuna Kaliyofi riƙe da allon rubutu da alƙalami. Ita ce mahaifiyar Orfiyus, makaɗin da aka ce namun daji da itatuwa kan bi sautin kiɗansa.

Sai dai ba a ja da allolin nan tara. Mawaƙi Homa ya ba da labarin Tamiris, wanda ya cika baki cewa zai kayar da su a waƙa, suka ƙwace masa baiwar. Mawaƙi Obid na Roma ya ce 'ya'yan wani mai suna Fiyerus, mata tara, sun kira allolin gasa; Kaliyofi ta rera, 'yan matan suka sha kaye, aka mayar da su tsuntsaye masu surutu.

A 1852, masana taurari sun raɗa wa wani dutsen sararin samaniya sunan Kaliyofi.