Dokar Tarayyar Turai ta Sauƙaƙa Kayayyaki da Ayyuka ga Masu Buƙata ta Musamman

Dokar Tarayyar Turai ta Sauƙaƙa Kayayyaki da Ayyuka ga Masu Buƙata ta Musamman, wadda aka fi sani da EAA a taƙaice, doka ce mai lamba 2019/882. Ta wajabta wa kamfanoni su tsara wasu na'urori da ayyuka yadda makafi, kurame da sauran masu lalurar naƙasa za su iya amfani da su da kansu. Ta shafi ƙasashe 27 na Tarayyar, har da kamfanonin waje da ke sayar wa masu saye a cikinta.

Tarihi

Tushen dokar shi ne Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa ta shekarar 2006, wadda ta fara aiki a kan Tarayyar Turai a 2011. Kafin dokar, kowace ƙasa tana da nata ƙa'idojin, abin da ya wahalar da masu saye da kamfanoni baki ɗaya. Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da ƙudirin a watan Disamba na 2015, aka sanya masa hannu ranar 17 ga Afrilu, 2019. An ba ƙasashe wa'adi zuwa 28 ga Yuni, 2022 su shigar da shi cikin dokokinsu na gida, sannan aka fara aiki da shi ranar 28 ga Yuni, 2025.

Abubuwan da ta shafa

A ɓangaren kayayyaki akwai kwamfuta da manhajar da ke tafiyar da ita, wayoyin zamani, na'urar ATM, na'urorin biyan kuɗi da kati, injinan sayar da tikiti da na'urorin karanta littattafan lantarki. A ɓangaren ayyuka kuwa akwai sadarwar waya, harkokin banki na jama'a, kasuwancin intanet, lambar kiran gaggawa ta 112, da shafuka da manhajojin sufurin jirgin sama, jirgin ƙasa, jirgin ruwa da bas.

Sharuɗɗa

Babbar ƙa'idar ita ce kada a isar da bayani ta hanya ɗaya tak. Misali, na'urar ATM za ta iya karanta rubutu da murya ta abin sawa a kunne, domin makaho ya ciri kuɗi ba tare da ya faɗa wa kowa lambar sirrinsa ba. Dole rubutu ya fito sarai, kuma kada a dogara da launi kaɗai wajen nuna ma'ana. Kamfanonin sadarwa kuma za su samar da hanyar tura rubutu kai tsaye ana cikin kira, saboda kurame.

Waɗanda aka ɗauke wa

Dokar ba ta hau kan ƙananan kamfanonin da ke ba da ayyuka ba, matuƙar ma'aikatansu ba su kai 10 ba kuma cinikinsu na shekara bai wuce Yuro miliyan 2 ba. Kamfani na iya samun sassauci idan ya nuna cewa gyaran zai sauya ainihin kayan ko zai ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Haka nan ƙasashe na iya barin tsofaffin na'urori irin su ATM su ci gaba da aiki har shekara 20 daga lokacin da aka girka su.

Hukunci da suka

Kowace ƙasa ce ke tsara hukuncinta. A Jamus, wadda ta yi tata dokar a 2021, tara na iya kaiwa Yuro 100,000. Ƙungiyoyin masu naƙasa sun yi maraba da dokar, amma sun soke ta saboda ba ta haɗa da motocin sufurin kansu da kayan amfanin gida irin su injin wanki ba, kuma ta bar batun gyaran gine-gine a hannun kowace ƙasa. Hakan na nufin mai keken guragu na iya sayen tikiti ta waya cikin sauƙi, amma ya isa tasha ya kasa shiga jirgin.