Labarin Girkawa da Turkawa, Maƙwabtan da Aka Raba

Yau za mu kai ku nesa kaɗan. Mu da mu ke rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci mun sani harshen mutum daban, baƙin da ya ke rubutu da shi daban. To, ashe ba mu kaɗai ne haka ba. A tsakiyar ƙasar Turkiyya an yi waɗansu mutane ana ce da su Karamanli. Kiristoci ne, amma galibinsu ba su jin wani harshe sai Turkanci, suna rubuta shi da baƙaƙen Girkawa, har jarida gare su a Istambul, sunanta Anatoli. A tsibirin Kirit kuma an yi Musulmi waɗanda Girkanci ne harshen da suka sha a nono, waɗansunsu suna rubuta shi da baƙaƙen Larabci, watau nasu ajamin ke nan. Yau in ka je wuraren nan biyu ba ka tarar da jama'arsu a can. Abin da ya tashe su shi ne labarinmu.

Girkawa su ne littattafan malamanmu ke kira Yunanawa, daularsu ta zamanin Kiristanci kuwa ita ce Rum, babban birninta Kustantiniyya. Turkawa daga gabas suka fito. A shekarar 1071 suka karya rundunar Rum a Manzikart, suka malala cikin ƙasar. Ran 29 ga Mayu, 1453, Sarki Muhammadu na Biyu ya ci Kustantiniyya, ita ce Istambul, wadda kakanninmu ke cewa Santambul. Da ƙura ta lafa sai ya nemi raya birnin, ya naɗa wa Kiristoci shugaban addininsu, ya bar shari'ar aurensu da gadonsu a hannunsa. Haka aka zauna kusan shekara ɗari huɗu. Manyan Girkawa suka zama tafintocin fada da attajirai, har da masu riƙon ƙasashe. Talakawansu kuwa suna biyan jiziya, a waɗansu zamunan kuma a kan ɗebi 'ya'yansu maza a musuluntar da su a sa su soja. Cikin wannan dogon zama abincinsu ya zo ɗaya, kiɗansu ya yi kama, gahawar da su ke sha ɗaya ce, sai dai yau wannan ya ce ta Turkiyya ce, wancan ya ce ta Girka.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan karin magana kamar don mutanen nan aka yi shi. Ranar da Baturke ke kira ranar buɗi, ita Bagirke ke kira baƙar rana, har yau Girkawa suna camfa Talata domin ran Talata birnin ya faɗi. A 1821 Girkawa suka yi tawaye, a 1830 manyan ƙasashen Turai suka yarda musu da mulkin kai. In ka tambayi Bagirke labarin yaƙin nan zai gaya maka yadda aka rataye shugaban addininsu, Girigori na Biyar, a ƙofar fadarsa ran babbar sallarsu, ƙofar tana rufe har yanzu, da yadda aka karkashe mutanen tsibirin Kiyos a 1822, aka bautar da saura. In ka tambayi Baturke zai gaya maka yadda 'yan tawaye suka ci garin Tiribolitsa a 1821, suka hallaka dubban Musulmi, har mata da yara. Duk maganganun nan gaskiya ne. Amma kowa gawarsa kaɗai ya ke ƙidayawa.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko daular Usmaniyya ta durƙushe. Ran 15 ga Mayu, 1919, sojan Girka suka sauka a birnin Izmir, suka nausa cikin ƙasa, suna mafarkin mayar da tsohuwar daular Rum. Wanda ya tare su shi ne Mustafa Kamal, wanda aka haifa a Salonika, garin da tun 1912 ya koma hannun Girka. Ya tsai da su a kogin Sakariya a 1921, ya kore su a 1922. Da suna gudu sun ƙone garuruwan Turkawa. Da sojan Turkiyya suka shiga Izmir a watan Satumba, unguwannin Girkawa da na Armeniyawa suka ci wuta, talikai suka taru a bakin teku suna neman jirgi.

Sa'an nan manya suka zauna a birnin Lozan, ƙasar Suwizalan. Ran 30 ga Janairu, 1923, suka sa hannu a kan cewa za a yi musayar mutane, tilas, ba shawara. Ma'aunin da aka ɗauka kuwa addini ne, ba a dubi harshe ba, ba a dubi inda aka binne cibiyar mutum ba. Kiristan ɗarikar Girka da ke Turkiyya ya koma Girka, Musulmin da ke Girka ya koma Turkiyya. Kamar mutum 1,200,000 suka ƙare a Girka, mafi yawansu ma sun riga sun gudu tun lokacin yaƙi, kusan 400,000 kuma aka kai Turkiyya. Waɗanda aka ƙyale su ne Girkawan Istambul da na waɗansu tsibirai biyu, da Musulmin yammacin Tirakiya.

Ta haka Karamanli suka sauka a Girka ba su iya ko cinikin gishiri da harshen ƙasar ba, 'yan gari suna yi musu gori, suna kiransu irin Turkawa. Musulmin Kirit suka sauka a Turkiyya suna Girkanci, su kuma aka riƙa ce musu rabin kafirai. Ku mutanen kewayen Tiga, dattawanku sun san zafin tashi, domin sa'ad da aka datse ruwan, aikin da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, an tashi ƙauyuka, an bar kufai da gonakin gado da kaburburan iyaye. Amma su inda aka mai da su Hausa a ke ji, ba wanda ya ce musu baƙi. To, ka auna wanda aka ƙetarar da shi teku, ya bar gida ana ce masa baƙo, ya isa inda aka ce nan ne gidansa aka sake ce masa baƙo.

Ko rabuwar ta kashe gabar? Da fari kamar ta kashe. A 1930 Benizelos, shugaban gwamnatin Girka, ya tafi Ankara aka ƙulla amana, a 1934 har ya rubuta yana neman a ba Mustafa Kamal lambar Nobel ta zaman lafiya. Amma 'yan tsirarun da aka bari a kowane ɓangare sai suka zama kamar jingina, in manya sun yi faɗa a kansu a ke hucewa. Ran 6 ga Satumba, 1955, aka baza labari a Istambul wai Girkawa sun tayar da bom a gidan da aka haifi Mustafa Kamal. Kafin gari ya waye an farfasa dubban kantuna da gidajen Girkawa da majami'unsu. Daga baya ta bayyana ba Bagirke ne ya dasa bom ɗin ba, daga ɓangaren Turkiyya aka shirya shi. Girkawan Istambul da suka fi 100,000 a 1923, yau ba su wuce dubu biyu ko uku ba. Musulmin Tirakiya su ma suna da nasu kuka, musamman a kan wanda zai naɗa musu mufti.

Tushen fitinar 1955 kuwa tsibirin Kubrus ne, wanda Turawa ke kira Sayifurus, kuma shi ne inda labarin ya taɓa mu. Marigayi A. G. Leventis, wanda Kanawa suka san kantinsa, kuma makarantar koyon noma ta Panda ke ɗauke da sunan gidansa, Bagirken Kubrus ne. Tsibirin ya sami mulkin kai daga Ingila a 1960, shekara ɗaya da mu, Bagirke na shugaba, Baturke na mataimaki. A 1963 faɗa ya ɓarke. Ran 15 ga Yuli, 1974, sojojin da ke son haɗe tsibirin da Girka suka tumɓuke Shugaba Makariyos, bayan kwana biyar sojan Turkiyya suka sauka, suka kama fiye da sulusin ƙasar. Girkawan arewa suka gudu kudu, Turkawan kudu suka koma arewa. Har yau tsibirin a rabe ya ke, gwamnatin arewa kuwa ba wanda ya yarda da ita sai Turkiyya. Samarinmu da yawa sun tafi karatu jami'o'in arewan, saboda haka uban da ɗansa ya ce za shi Kubrus, ya kamata ya tambaye shi wace Kubrus.

A 1996 ƙasashen biyu sun kusa gwabzawa a kan waɗansu tsibiran dutse biyu da ba mai kwana cikinsu sai awaki. Abin da ya sassauta zukata bai fito daga zauren shawara ba. Ran 17 ga Agusta, 1999, girgizar ƙasa ta auka wa Izmit a Turkiyya, mutum fiye da 17,000 suka rasu. Girkawa na cikin waɗanda suka fara isa da masu ceto, talakawansu suka yi layin ba da jini. Bayan mako uku, ran 7 ga Satumba, ƙasa ta girgiza a Atina, babban birnin Girka, sai ga Turkawa sun zo suna tonon Girkawa daga ƙarƙashin gini. A Fabrairun 2023 Girkawa sun sake zuwa. Gardamar iyakar teku da ta Kubrus ba su ƙare ba, amma wanda ya ciro ɗanka daga ƙarƙashin bango, da wuya ka sake yarda in an ce maka shi dodo ne.

Ya kai mai karatu, ƙasarmu ta kudancin Kano ƙasar cuɗanya ce. Akwai Bahaushe da Bafillace, akwai Musulmi da Kirista da Bamaguje, akwai Kurama wajen Riruwai, ran kasuwar Kwanar Dangora ko ta Tudun Wada duk mudu ɗaya a ke auna musu. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma su kan saɓa. Amma in wata rana wani ya zo maka da shawarar wai maganin saɓani shi ne kowa ya koma wurin 'yan'uwansa, ka tuna da Karamanli da Musulmin Kirit. An gwada wannan magani a kan mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi, shekara ɗari ke nan da 'yan kai, jikokinsu har yau suna ƙetare teku su je su tsaya a ƙofar gidan kakanninsu su yi hawaye. In kuma an kawo maka labari da dare an ce su wane sun yi kaza, ka tuna da bom ɗin Salonika, ka bincika kafin ka ɗauki gora. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Haza wassalam.