Kawunan Yumɓu da Hotunan Fati: Wa Ke Ba da Labarin Borno?

A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe wani baje koli a zauren Art Twenty One da ke Legas. Abin da aka jera a ciki kawuna ne na yumɓu guda 108, kowanne da fuskar yarinya. Adadin ba da ka aka zaɓe shi ba, lissafin 'yan matan Chibok ne da ba su dawo gida ba a lokacin da aka fara aikin, cikin 276 da Boko Haram ta kwashe daga makarantarsu a daren 14 ga Afrilu, 2014. Shekara bakwai kafin wannan baje koli, wata 'yar Maiduguri mai suna Fati Abubakar ta rataya kyamara ta shiga unguwannin garinsu, tana ɗora hotunan da ta ɗauka a Instagram da sunan Bits of Borno. Ayyukan biyu duk a kan Borno suke, duk kuma so suke duniya ta waiwayi mutanen da aka tauye wa haƙƙi. Sai dai hanyarsu ta rabu tun daga tushe.

Kawunan aikin gayya ne. Prune Nourry, wata mai sassaƙa 'yar Faransa, ita ta jagorance shi tare da sashen zane-zane na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da kuma mawaƙi Ade Bantu. An tuntuɓi iyayen yaran, an karɓi hotunan 'ya'yansu, daga hotunan aka fitar da siffofin farko, sannan ɗalibai suka zauna kowa ya ɗauki kai guda ya fitar masa da kamanni da hannunsa. Ife ta yi suna tun ɗaruruwan shekaru da kawunan tagulla da na gasasshen yumɓu, waɗanda ake ɗauka na sarakuna ne da manyan fada. Sanya 'yar manomin Chibok a wannan sahu ba ƙaramar magana ba ce. Sunan aikin Statues Also Breathe.

Ƙarfinsa yana cikin yawa. Mutum ya karanta 108 a jarida, ya girgiza kai ya buɗe shafi na gaba; amma ya ratsa tsakanin fuskoki 108, kowace daban da 'yar uwarta, wannan wani abu ne dabam. Ya kuma zo a kan gaɓa. Zuwa 2022 zafin gangamin Bring Back Our Girls ya huce, jajayen riguna sun ragu a dandalin Unity Fountain na Abuja. An sako 21 a Oktoban 2016, an sako 82 a Mayun 2017, daga nan hankalin duniya ya koma wani wuri, aka bar iyaye da jira.

Ita kuwa Fati ita kaɗai ta fara. Aikin jinya ta karanta a Jami'ar Maiduguri, ta ƙara da ilimin kiwon lafiyar al'umma a Landan, ta dawo gida a lokacin da sunan Borno a kafafen yaɗa labarai bai wuce bam da gawa da ƙonannun gidaje ba. Sai ta juya kyamararta wani ɓangaren: 'yan makaranta da jakunkunansu, 'yan kasuwa, amare da lalle, yara cikin kayan Sallah, dattawa suna hira a gindin darbejiya, da 'yan gudun hijira waɗanda ta nuna su a matsayin mutane masu sana'a da suna, ba jerin masu miƙa kwano ba. Sau da yawa hoton kan zo da 'yar maganar mai shi. Kada a manta shekarun da ta yi wannan aiki. Lokaci ne da 'yan ƙunar baƙin wake ke tashin bam a kasuwa da masallaci, kowa na zargin kowa, kuma mace da kyamara a titi abin a tsayar a yi wa tambayoyi ce.

Wasu za su ce wannan ai ba fafutukar kare haƙƙi ba ce, hotunan kwalliya ne. Ban yarda ba. Wanda aka saba ganinsa a matsayin gawa ko almajirin agaji, ba a jin nauyin taka shi. Dawo masa da mutuncinsa a idon jama'a shi ne matakin farko. Amma zargin bai rasa ƙamshin gaskiya ba: hoton juriya yana yi wa mahukunta daɗi, domin ba ya tuhumar kowa. Kawunan Ife suna tambaya, ina yaran? Hotunan Fati cewa suke, muna nan da ranmu.

Don a gane inda bambancin yake da gaske, yana da kyau a leƙa Tibet, inda masu zane da masu fim suka daɗe da mai da fasaha makamin neman haƙƙi. Sojojin Sin sun shiga yankin a 1950, Dalai Lama ya tsere zuwa Indiya a 1959 ya zauna a Dharamsala, dubban mutanensa suka bi shi. Daga 2009 zuwa yau 'yan Tibet fiye da 150 sun cinna wa kansu wuta don nuna ƙin mulkin Beijing. Ɗan jaridar waje ba ya shiga yankin sai da izini na musamman, na cikin gida kuma ya san abin da ke jiransa. Dhondup Wangchen ya zagaya yana naɗar ra'ayin talakawan Tibet gab da gasar Olamfik ta 2008, aka yi fim ɗin Leaving Fear Behind da abin da ya naɗa, shi kuma aka yanke masa ɗaurin shekara shida. Shi ya sa kusan duk zane da fosta da waƙa na neman haƙƙin Tibet a waje ake yin su. Ba zaɓi ba ne, dole ce.

Ko a haka, wanda ya fi tsaya min a rai shi ne aikin Tenzing Rigdol. Mahaifinsa ya rasu a gudun hijira da burin sake taka ƙasarsu. A 2011 Rigdol, da taimakon mutane da dama, ya sa aka fito da ƙasa tan 20 daga Tibet a ɓoye, aka bi da ita ta Nepal har Dharamsala, aka shimfiɗa ta a fili. Tsofaffin da suka bar gida tun suna yara, da jikokinsu da ba su taɓa ganin Tibet ba, suka zo suka taka. Aikin gayya ne kamar na Ife, amma ba a kai shi Landan ko New York don baƙi su yi kallo ba. Masu ciwon aka kai wa.

A nan ne nake ganin Fati ta yi wa kawunan yumɓu fintinkau, duk da cewa sun fi nata tsari da kuɗi da amo. Ɗan Maiduguri na iya buɗe wayarsa ya ga kasuwarsu, ya ga maƙwabcinsa. Tsakanin Chibok da Legas kuwa tafiya ce mai nisa, kuma zauren baje koli ba wurin zuwan talaka ba ne. Akwai kuma batun siffa, wanda masu zuwa daga nesa ba sa cika lura da shi: mutum-mutumi ba abu ne da yawancin Musulmin Maiduguri za su sake jiki da shi ba, komai kyan niyyar mai shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuma ba mu da uzurin 'yan Tibet. An taɓa katse layukan waya a Borno bayan dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013, amma wannan ya wuce, yau babu wanda ya hana a yi aikin a gida.

Akwai kuma abin da ba a cika taɓawa ba, domin mai laifin ba Boko Haram ba ce. A Mayun 2016 ƙungiyar Amnesty International ta ce mutum 149 sun mutu a tsare a barikin soja na Giwa cikin watannin farko na shekarar, har da ƙananan yara. Rundunar soja ta musanta. Matan da aka kama mazajensu, yawancinsu daga yankin Bama, sun haɗu a ƙungiyar Knifar suna neman a faɗa musu inda mazan suke. Labarinsu bai samu jar riga ko zauren Legas ba.

Kayan aikin kuwa suna nan a ƙofar gida. Ga masu ɗinkin hula 'yan Bama da rikici ya koro Maiduguri, allura ba ta barin hannunsu. Ga alarammomi masu rubutun Barnawi da zayyana, wanda Borno ta yi suna da shi tun zamanin daular. Ga ɗaliban zane a Jami'ar Maiduguri, ga matasa masu tsara hoto a kwamfuta. Kirana gare su shi ne su ɗauki tsarin gayyar Ife, su zauna da iyayen Chibok da matan Knifar tun daga ranar farko, su tambaye su abin da suke so a nuna da wanda ba sa so, sannan a fara baje aikin a Maiduguri kafin a kai shi ko'ina.